Rarar da na yanke

Daren Laraba wani yaro daga cikin 'yan amshi ya turo mini jadawalin sabuwar kakar wasannin kamfanin opera da na yi wa ɗinki, ta WhatsApp. Bai ce komai ba, hoton kawai. Wasa uku za su yi bana: za a buɗe da Carmen, a yi wasan Mozart na sarewar sihiri dab da Kirsimeti, sannan a rufe da La Traviata. An jero mawaƙa da hotunansu, biyu daga Ingila, ɗaya daga Afirka ta Kudu, sauran yaranmu ne na gida, yawancinsu waɗanda suka fito daga makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan. Na sa yatsa biyu na buɗe hoton, na bi shi layi-layi tun daga masu ɗaukar nauyi har mai ɗaukar hoto. A layin tufafi sunan wata mai zane ne da ke zaune a Landan. Shekara huɗu na yi ina ɗinka wa kamfanin nan kaya sunana bai taɓa hawa layin ba, balle yanzu da na miƙa musu makullin ɗakin kaya. Wannan na saba. Amma da idona ya faɗa kan La Traviata, na kuma ga fuskar da aka liƙa a gefensa, sai na ajiye wayar na fita ƙofar gida na zauna har mai shayi ya tashi.

Ni haifaffen Agege ne, goro ne ya kawo kakana kamar yawancin tsofaffin unguwarmu. A nan na koyi keke, na je Fagge na ƙara shekara biyu don aikin wuya da na alkyabba. Anko ne ya haɗa ni da Madam, shugabar kamfanin: ta ga rigar da na yi wa wata ƙawar amarya a wani biki a Ikeja, ta tambayi wanda ya ɗinka. Da na gaya wa surukina inda zan fara aiki sai ya ce, "Wato wajen masu ihun nan?" Ban iya ba shi amsa ba a lokacin. Yau da zai sake tambaya, da na ce masa ya tuna ladanan da, kafin zuwan lasifika, waɗanda ake jiyo su daga bayan gari. Haka mutanen opera suke. Ba makirufo, mutum ɗaya zai tsaya ya ɗaga murya ta haye kan makaɗa talatin ta isa kujerar ƙarshe, da ita zai yi fushi, da ita zai yi soyayya, da ita zai mutu. Legas ma ai ba baƙuwar wasan da ake rerawa ba ce, tun 1944 Hubert Ogunde ya kai nasa na Yarbanci Glover Hall.

Abin ya faru ne a ƙarshen 2023. Duk wanda ya riƙe almakashi a shekarar ya san halin da aka shiga. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, aka saki naira, dala ta kama hanya. Sai ka tambayi kuɗin yadi a Balogun da safe, ka je ka yi azahar ka dawo, mai shago ya ce maka wancan farashin ɗazu ne. Madam ta shiga tsimi ta ko'ina. Mawaƙiyar da za ta fito a matsayin Violetta, jarumar La Traviata, a Ingila take zaune. A da sati biyu ake kawo irinsu kafin wasa, wannan karon kwana huɗu aka yanka mata saboda kuɗin otal. Awonta ta waya ya zo mini: ƙirji kaza, ƙugu kaza, tsawo kaza. Riga huɗu zan yi mata, ta farko ita ce ta liyafa, jar satin mai koset, wadda labule ke buɗewa a kanta. Kwana tara na yi a kan rigar nan. Duk abin da na koya a Agege da Fagge na zuba mata, har duwatsun ƙirjin da hannu na dasa su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da ta sauka aka kira ni ofishin Madam. Ni ba na sa tef a jikin mace, akwai yarinyar da ke taimaka mini a ɗakin kaya, ita ke awo ina rubutawa. Ta shiga da ita ta saka mata, suka fito. Rigar ta zauna kamar a jikinta aka saƙa ta. Madam ta tafa, ta zagaya ta sau biyu, ta kama yadin baya da yatsa biyu ta ce, "Malam, a rage nan, rabin inci kowane gefe, da ta kashi na biyun ma. Gobe masu hoto za su zo, ina so ƙugun ya fito."

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai maman yara. Na ga mawaƙiyar ta ɗora tafin hannunta a kan haƙarƙarinta, ta ja iska kaɗan, ta saki. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dubi Madam, ta fasa. Daga filin jirgi take, ba ta yi barci ba, kuma wannan ne babban wasanta na farko a gida, ba ta so a ce daga zuwa ta fara tsirfa. Ni kuwa na gani. Idona yana kan hannun nan. Da na ce, "Ranki ya daɗe, a bari ta rera ko layi ɗaya a ciki," da minti biyu ya ishe mu. Kara ta hana ni. Na ce a raina wane ni in tsoma baki tsakanin manyan mata biyu a kan ƙirjin ɗaya daga cikinsu. Na ce "To, Madam," na naɗe rigar.

Har nan laifin namu ne mu uku. Abin da ya biyo baya nawa ne ni kaɗai. Madam cewa ta yi a rage, ba ta ce a yanke ba. Amma hannun telan biki ya saba, in ka rage sai ka bi rarar da almakashi ka share ta, ka yi mata wibin, don in uwar amarya ta juya rigar ta ga ciki fes. Da ƙarfe ɗaya na dare, da hasken fitilar caji, na yanke rarar yadin nan kaf a riguna biyun, na sa zif mai ɓuya irin na anko, na goge, na rataye, na ja baya ina kallonsu ina jin daɗin kaina.

A gwajin ƙarshe ta saka, komai lafiya. Abin da ban sani ba, shekara biyu ina cikinsu, shi ne manyan mawaƙa ba sa sakin murya a bita. Rabi-rabi suke yi, wani wurin ma su sauko da ita ƙasa, suna adana ta don daren. Ina zan sani, ban taɓa zama na kalli bita ba? Kullum ina ɗakin kaya keke na gudu, a ganina waƙa aikinsu ce, ɗinki nawa.

Kashi na farko na wasan yana ƙarewa ne da Violetta ita kaɗai a dandamali bayan baƙi sun watse, tana gardama da zuciyarta, ko ta yarda da saurayin nan ko ta ci gaba da shagalinta. Waƙa ce doguwa, hawa da sauka kamar mai gudu a matakala. Ina tsaye a gefen labule, allura a wuyan rigata, fil a bakina, ina ganin bayanta sosai. Da kowane numfashi satin ɗin sai ya ɗaure ya yi sheƙi. A daren na fara ganin yadda mawaƙi ke numfashi, kafaɗa ba ta motsi, haƙarƙari ne ke buɗewa ta gefe da ta baya kamar zugazugin maƙeri. Na shiga karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Ƙarar ba ta da yawa, ɗan "ɓarr" ne kamar an yaga buhu. Zif ɗin ya buɗe daga tsakiya, ya tafi sama da ƙasa lokaci guda, ɗinkin gefen hagu ya bi shi. Masu goge na gaba sun ji, na ga ɗaya ya ɗago kai. Ita kuwa ba ta tsaya ba. Ta matse hannunta na hagu a jiki, ta ja da baya da baya har ta kai teburin liyafa, ta fizgi mayafin da wata 'yar amshi ta bari a kan kujera ta yafa, duk tana rerawa. Ta ƙarasa. Amma dogon sautin nan na ƙarshe da kowa ke jira, wanda aka yi ta tallata ta da shi, ba ta hau shi ba, ta bi ta ƙasa. Na kujerun gefe sun ga bayanta. An yi 'yar dariya a wani lungu, wayoyi biyu ko uku suka ɗaga.

Hutun minti ashirin ne, rigar kashi na biyu kuma haka na share ta, ko rabin inci ban bar mata ba. Na farke bayanta da reza, na yanko ƙyalle daga shafin siket, yarinyar ta riƙe, ni na ɗinke ta a jikinta da hannu. Kunyar da ta rufe mini baki a ofis ban san inda ta shiga ba. Hannuna na rawa, allura ta soke ni sau biyu, ina goge jinin a wandona kada ya taɓa farin yadi. Ba ta yi mini tsawa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta cikin madubi ta dube ni ta ce, "Oga tela, tsaya." Ta ja numfashi har ƙasa, bayanta ya buɗe a ƙarƙashin yatsuna, ta riƙe shi, ta yi mini alama da kai: yanzu ɗinka.

Ranar Litinin Madam ta tara kowa, har mai gadi da masu fitila. Ta ce an kunyata kamfani a gaban masu ɗaukar nauyi saboda Malam bai bi awon da aka ba shi ba. Haka ta ce, ban ƙara ko kalma ba. Shekara biyu a lokacin ba ta taɓa kiran sunana ba, Malam ne, in ranta ya ɓaci kuma Aboki. Mawaƙiyar ta riga ta hau jirgi daren Lahadi, saura yarinyar kaɗai shaidata. Na dube ta, ta sa ido a ƙasa tana wasa da zoben hannunta. Ban riƙe ta ba, ƙanne uku gare ta a makaranta. Aka cire mini rabin kuɗin aikin, wai na yadi. Na buɗe baki in ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, sai na tuna almakashina na ƙarfe ɗayan dare, na haɗiye. Shiru na biyu ke nan da na yi a ofishin nan, har yau kuma ban san ko shi ma kuskure ne ba. Maman yara ta ce kuskure ne. Ta ce, "Maigida, wanda ya ɗauki kayan wani ya ɗora a kan nasa, gobe ma shi za a kira dako." Da gaskiyarta, don daga ranar ko maɓalli ne ya ɓace ni ake kallo.

Mutum ɗaya ne ya biyo ni ɗakin kaya, dattijon da ke riƙe wa makaɗa sanda. Ya zauna a kan akwatin takalma ya ce, "Ɗana, ka san wasan nan da dariya aka tarye shi?" Ya ba ni labari. Ranar 6 ga Maris 1853 aka fara nuna shi a birnin Venice na Italiya. Verdi, wanda ya tsara kiɗan wasan, ya so a yi shi da tufafin zamaninsa don masu kallo su ga kansu, hukumar gidan wasan ta ƙi, ta ce sai dai a mayar da shi wajen shekarar 1700. Mawaƙiyar kuma mace ce mai jiki, ga shi labarin na mai tarin fuka ne da ke ƙarewa a kan gado, sai 'yan kallo suka yi ta dariya. Verdi da kansa ya ce wasan ya faɗi. Bayan shekara ɗaya aka sake yin sa a garin, aka yi ta tafi. Ya ƙara da cewa dogon sautin da ta bari ma ba ya cikin abin da Verdi ya rubuta, mawaƙa ne suka ƙara shi don burgewa. Na san lallashi yake yi, na kuma gode. Sai da ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Daga gobe ka bar keken nan awa ɗaya ka zo ka zauna a bita." Muryarsa ta canja, ba shawara yake ba ni ba.

Na je na zauna, a kujerar ƙarshe, da tef a wuya. Bayan wata ɗaya na sauya dokar ɗakin kaya. Awo ya zama biyu, ɗaya a tsaye kawai, ɗaya da cikakken numfashi. Akwai wani mai kaurin murya da tef ya tashi daga 41 zuwa 44 a haƙarƙarinsa ina kallo. Inci uku! Telan biki bai san da inci ukun nan ba, domin amarya riƙe numfashi take yi har a gama hoto. Ba wanda ya ƙara fita daga gwajin kaya bai rera ba, bai zauna ba, bai durƙusa ba, in a wasan zai faɗi ya mutu to sai ya faɗi a gabana tukuna. Zif mai ɓuya na kore shi, sai ƙugiya da igiya. Rara kuwa inci biyu a kowane ɗinki, a kwantar da ita da guga, komai munin cikin. Ba uwar amarya a dandamali, riga ɗaya kuma mutum uku za su saka ta kafin ta tsufa. Madam ta taɓa juya wata ta yatsina fuska ta ce cikin ba shi da kyau. Na ce haka ne, na ci gaba da guga.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Farin yadi yana kashe ido a ƙarƙashin fitila sai an tsoma shi a ruwan shayi, ganyen da mai shayinmu ke zubarwa ya sha yi mini aiki. Kada ka sayi bandir sai ka kai ƙyallensa ƙarƙashin fitilar dandamali, na taɓa ganin shuɗi ya koma toka-toka. In an ba ka umarni da baki, ka tura saƙo kafin ka kai ƙofa, "kamar yadda kika ce", ka ajiye abinka. Rabin kuɗinka ya shiga aljihu kafin almakashi ya shiga yadi, don masu ɗaukar nauyi sukan yi alkawari a Oktoba su tuna a Maris. In wasan a Tsibirin Legas ne ka bar Agege da asuba. Jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2024 ya rage wahala, amma a Oyingbo yake ajiye ka, sauran kai da danfo.

Sau uku na nemi a sa sunana a takardar wasa, sau uku ana cewa kaka mai zuwa. Bayan babbar sallah aka kira ni aka ce an samo mai zane a Landan, za ta riƙa turo zane ni ina yankawa, kuma za a koma biyana a kan kowace riga maimakon albashin wata. Na ce Allah ya sa alheri. Na lissafa musu kaya akwati-akwati, na sa hannu, na sa an sa hannu, na ɗauki hoton takardar.

Wanda zai gaje ni, ko wane ne, ba ni da komai da shi a zuciya. Carmen ne zai fi ba shi wahala saboda yawa: sojoji, 'yan matan kamfanin taba, 'yan fasa-ƙwauri, ga taron kallon wasan bijimi a ƙarshe. Labarin a ƙasar Sifen yake, da Faransanci ake rerawa. A Paris aka fara shi a 1875, Bizet da ya tsara kiɗansa ya rasu bayan wata uku bai ga ɗaukakar da aikinsa ya yi ba. Rigar gwanin bijimin tana akwati na huɗu. Na yi ta ne don wani daren gutsattsarin waƙoƙi. Da aka nuna mini hoto na ce ai wannan ɗan hawan ƙaho ne da ya samu kuɗi, na yi mata aikin alkyabba da zaren zinare, sati uku cur. Kada a wanke ta, a shanya ta a inuwa. Ina so in ga sunan da za a rubuta a ƙarƙashin hotonta. A na Mozart kuma akwai mai kamun tsuntsaye da ake lulluɓewa da gashin tsuntsu, kada ya yarda a kawo masa gashin kaji daga kasuwa don arha, ɓurɓushinsa maƙogwaro yake shiga, ya yanka na yadi. Sai washegari ma na lura yaron da ya turo mini jadawalin shi aka ba wannan fitowar, karonsa na farko shi kaɗai bayan shekara uku yana amshi. Abin da yake so in gani ke nan, ni kuma na tsaya neman sunana. Na kira shi na yi masa murna, na ce kada ya bari a auna shi bai ja numfashi ba.

Fuskar da ke gefen La Traviata ta mawaƙiyar nan ce. Jar rigar tana akwati na biyu, na gyara ta da kuɗina bayan abin ya faru, sabon baya, ƙugiya goma sha huɗu, ba wanda ya sa ni, ba wanda ya lura. Jiya da safe saƙo ya shigo daga lambar Ingila. Ta ce ta tambaya an ce na bar aiki, ita kuma ta riga ta gaya wa Madam cewa rigunanta da kanta za ta zo da su. Ta turo awo: ƙirji kaza, ƙugu kaza, tsawo kaza. Na rubuta mata cewa na gode, amma ba na yanka a kan awon waya. In ta sauka ta zo Agege da takardar waƙarta, maƙwabta za su yi haƙuri. Ta turo dariya. Na riga na je Balogun na sayo satin ɗin, yadi goma sha biyu, yana nan a naɗe a kan tebur, na hana yaran shago taɓa shi.